Ranar da Aka Binne Kawu Ina Ɗakin Saba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da ƙarfe takwas da rabi na safe, Allah Ya karɓi ran injiniyan kwamfutocin asibitinmu, mutumin da kowa, daga likita har mai shara, ke kira Kawu. Kwana huɗu ya yi a kwance a gidansa. Babban ɗansa ne ya kira ni, ya ce jana'iza ƙarfe biyu, bayan azahar, kuma mahaifiyarsa, matar Kawu, ta ce in zo da wuri, tana so ina cikin masu ɗaukar makara.

Ban je ba, Kawu. Mutane sun lura, wasu har sun yi magana. To bari su ji daga bakina.

Shekara shida ke nan da ka tsince ni. Lebura nake cikin masu ja wa asibitin waya ta cikin silin, ka same ni a bayan ofishinka ina karanta wani littafin na'ura da aka zubar a kwandon shara, rabinsa ya jiƙe, ƙamus a cinyata. Ka tambaye ni wace makaranta na yi, na ce wadda ba ta karɓar ɗalibi sai ya sha rana. Da wani ne da ya kore ni. Kai dariya ka yi, ka ce, "Bakin nan naka zai ja maka, Wutar-kara. Zo gobe." Sunan ya bi ni har yau.

Kai ka shigar da ni ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da fayil ɗin kowane majinyaci yake bi ta kanta. Ɗaki ne ba taga, taku shida tsawonsa, sanyi kamar cikin firji, ƙarar fanka ba dare ba rana, ko kiran waya ba ya shiga. Da ka ga ina rawar ɗari ka cire rigar sanyinka ka ba ni, ba ka ƙara tambayarta ba. Ka nuna mini cewa sabar ba ta riƙe komai a cikinta. Fayilolin suna cikin ma'ajiya, wani akwatin faya-fayai a can gefe, waya ce ta haɗa su. In saba ta tashi ba ta ga faya-fayan ba, sai ta tsaya cak, asibitin ma ya tsaya. Ranar da na gaya wa Manaja cewa bai san bambancin kwamfuta da akwatin talabijin ba, kai ka shiga ofishinsa ka ba da haƙuri da furfurarka, ka fito ka ce mini, "Gaskiya ka faɗa, amma ba ranarta ba ce."

Minti ashirin bayan kiran ɗanka, ina asibiti ina ɗaura takalmi zan taho gidanka, aka ɗauke wuta. Baturan da ka shekara biyu kana rubuta takarda a canja, ana ce maka ana dubawa, ko minti ɗaya ba su riƙe ba. Kafin janareta ya kama, komai ya mutu. Da wuta ta dawo, ma'ajiya ta tashi, fitilunta kore shar. Saba kuwa ta zo rabin hanya ta tsaya, baƙin allo da layi ɗaya: ba ta ga faya-fayai ba.

Na ce aikin minti goma ne. Na kashe na kunna, haka. Na cire waya na mayar. Na canja waya sabuwa, na canja rami. Na gwada ko saba na jin ma'ajiya, tana ji sarai, amma da na sake kunnawa sai ta koma ta ce ba ta gani. Ƙarfe sha ɗaya Babbar Sista ta buɗe ƙofa.

"Ɗan nan, ɗakin magani ya tsaya, gwajin jini ba ya fita. Akwai matar da za a shiga da ita tiyata, sakamakonta na cikin abin nan naku."

"Sista, jana'izar Kawu ƙarfe biyu."

"Na sani. Ni ma ina so in je gidan. Ka ga na tafi?"

Sai Manaja, hannu a aljihu, wai in kira kamfanin da suka sayar mana. Na ce, "Yallaɓai, kamfanin da ya rufe tun kafin ka zo? Ko in kira wanda ya san aikin? Ana yi masa wanka yanzu." Ya juya ya fita. Babu mai shiga ya ba da haƙuri a madadina kuma, ban ma damu ba.

Ba wanda ya kulle ƙofar nan, Kawu. Sau uku ina kama mariƙinta ina saki. A waje ana jiran sakamakon mutum mai rai, can kuma ana shirin ɗaukarka, duk garin ba mai iya zama kujerar nan sai ni. Na zagi kamfanin wuta, na zagi baturan, na zagi wanda ya ƙera ma'ajiyar da iyayen gidansa. Azahar ta same ni a tsakanin akwatuna biyu, na yi salla a kan kwali ina jin ƙarar fanka.

Ƙarfe biyu da kwata dabara ta ƙare mini, na janyo tsohon fayil ɗinka na takarda, inda kake buga kwafin kowane tsari na saba ka sa kwanan wata, abin da nake yi maka tsiya a kai, ina cewa aikin mutanen da ne. Na ɗora takardar kusa da allo ina bi layi layi. Layi ɗaya yana takarda, babu shi a allo. Umarni ne cewa saba ta jira daƙiƙa sittin kafin ta nemi faya-fayai, domin hanyar da ke tsakaninsu ba ta buɗewa nan take. A gefensa ka rubuta da biro: "A bar ta ta wartsake."

Ni na goge layin nan. Wata biyar da suka wuce, ina abin da na kira gyara, na gan shi na ce ɓata lokacin tsofaffi ne, na share, ban gwada ba, ban gaya maka ba. Tun ranar ba a kashe sabar ba, shi ya sa asirina bai tonu ba sai ranar da ba ka nan. Na mayar da layin, na kunna, na zauna ina ƙirga sittin ɗin nan da baki kamar yaro. Faya-fayai suka fito reras. Biyu da minti arba'in.

Baturan laifinsu ne, kuma ba zan daina faɗa ba. Amma awa biyar ɗin da suka hana ni kafaɗar makararka, da hannuna na saye su. Na rubuta wa Manaja haka, na sa hannu, ya yi abin da zai yi.

Allah Ka jiƙan Kawu. Ya zauna shekara goma sha tara a ɗaki mai ƙunci don marasa lafiyar da ba su san fuskarsa ba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Haƙurin da ya yi da bakina, Ka sa ya tarar da shi a mizani, Ka sada shi da Aljanna Firdausi.

Gwaggo, matar Kawu, ke da 'ya'yanki da 'yan'uwansa, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku, Ya raya abin da ya bari. Kin kira ni cikin masu ɗaukarsa ban amsa ba, ki yafe mini. Na isa maƙabarta dab da la'asar, kowa ya watse, na tarar da sababbin kaburbura uku a jere, ƙasarsu ba ta bushe ba, ban san wanne ne nasa ba. Na yi wa duka ukun addu'a. Yaya, babban ɗan Kawu, in ka sami sarari ranar Juma'a, ka taimaka ka raka ni ka nuna mini.