Hoton ƙirjin Inna

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka fara kwasar samari zuwa birni, ina aikin masaƙa a Kaduna wani direba ɗan garinmu Mairuwa ya same ni a bakin ƙofa. Ya cire hula, ya ce, "Sai haƙuri, tsohuwa ta cika jiya."

Da na isa gida an riga an kai ta. Bayan addu'ar bakwai na shiga neman hotonta, ban samu ba. Mahaifiyata ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ni kuma ɗan fari ne, kunyata take ji. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido da ido. In na shigo sai ta juya ta ci gaba da aikinta. Na fi sanin ƙeyarta da fuskarta.

Ƙanwata ce ta tuna mini da baƙar ledar nan da ke ƙasan adaka. A wata damina na taɓa kai Inna asibiti saboda tari, likita ya ce a ɗauki hoton ƙirji. Malamin hoton ya ce a cire duk wani ƙarfe. Da hoton ya fito sai ga allura kwance a kan haƙarƙari. Ni da nake ji da zaman birni na riga kowa salati, na ɗauka haɗiye ta ta yi.

Malamin ya yi dariya. "Inna, mi ke ga bakin zanenki?"

"Allurata ce. In na aje ta, wa za ya ɗinke ma wancan rigunan da yake yagawa?"

Wancan ɗin ni ne, ina tsaye da gemuna.

Aka sake ɗauka, likita ya riƙe mai kyau. Wanda ya ɓaci za a yar, malamin ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe, ai na Inna ne." Ban ma yi masa godiyar kirki ba. Allah ya saka masa, inda duk yake.

Bara ɗiyata, wadda ke aikin zane a kwamfuta, ta ɗaga hoton a jikin taga ta ɗauka da waya. Ta goge tabon shekaru, ta fito da shi fes. Na ga faɗin kafaɗar, na ga yadda ta ɗan karkata hagu, gefen da take ɗaukar ƙwarya. Na ga allurar. Na gane Inna nan take, na kuma gode wa Allah da ya bar mini wannan.

Ɗiyata ta zana mata wuya da zane da ɗankwali, sannan ta ce, "Baba, saura fuska. Faɗa mini yadda take."

Na faɗi tsagar kumatu, na faɗi wushirya. Da muka zo kan idanu sai na ga ban san su ba. Ƙanwata da za ta iya faɗa ta rasu.

Zanen yana nan a kwamfutarta. Har yau ba mu sa idanun ba.