Furar Baba a Bakin Tekun Maroko

Ana sallame sallar asuba muka bar Tudun Wadan Gusau, mu huɗu a mota ɗaya, da kekuna biyu naɗe cikin kwalaye. Biyu daga cikinmu gasa za su shiga a ƙasar Maroko: ɗaya malamin firamare ne ɗan Kucheri, ɗayan mai walda ne ɗan Karakkai. Ni ɗan rakiya ne. Na huɗunmu Baba ne, yayan mahaifin ɗan Kucheri, manomin da ya rene shi tun rasuwar ubansa. Shi ya kafe cewa ba za a jefa masa ɗa cikin teku yana zaune a gida ba.

Ga wanda bai san gasar ba, iyo ake farawa da shi a teku, a fito a hau keke a yi tafiya kamar daga Gusau zuwa Zariya, a sauka kuma a kama gudu kusan nisan Gusau zuwa Tsafe, duk a yini ɗaya. Shekaru ɗan Kucheri ya kwashe yana shirin wannan rana. A dam ɗin Gusau ya koyi dogon iyo, a hanyar Bungudu yake tuƙa keke, ni ina biye da shi a babur da galan ɗin ruwa. 'Yan tasha na binsa da ihu wai ya taɓu. Abu ɗaya yake nema: sunansa ya fito cikin waɗanda suka gama, ya kawo ya nuna wa ɗalibansa.

Daga Tsafe zuwa Funtuwa, in ka tsallake rami sai ka faɗa shinge. Kowane shinge sai an farke kwali an leƙa, a yi mana dariya wai yau keke zai hau jirgi. A filin jirgin Abuja kuwa ba kekunan aka tsare ba, ƙullin garin fura aka gano a jakar Baba. Jami'in ya shinshina, ya ɗanɗana, ya sake ɗanɗanawa, sannan ya yarda ba mugun abu ba ne.

Hanyoyin Maroko suka fara ɓata mani rai. Sumul suke, har da gefen masu keke, mu kuma a gida abokanmu kullum suna kokawa da tirela. Mutanen dai suna da fara'a, da ka yi sallama an buɗe maka fuska. Shayinsu na na'ana'a ne, sukari kamar da gayya. Nama a wata tukunyar ƙasa mai murfi kamar malfa suke kawo shi, da burodi, kuɗin kwano ɗaya kuwa ya ciyar da gida guda a Gusau. Baba ya ci ya ce ba laifi, amma cikinsa bai san an ci abinci ba.

Ana gobe gasa aka tara masu shiga aka karanta masu dokoki, mu 'yan rakiya aka bar mu a waje. Abokan namu suka fito suna ƙus-ƙus, wannan na tura wancan. Na tambaya, suka ce ba komai. Ashe an gaya masu duk wanda ya karɓi abinci ko ruwa daga hannun ɗan kallo an kore shi. Kunya ta hana su kallon dattijo su ce kada ya ba ɗansa abinci, ni ma suka ɓoye mani don kada in fasa ƙwai. Har yanzu in na tuna wannan shirun nasu sai raina ya tashi.

Ranar gasa suka faɗa teku da sanyin safiya, Baba na jan carbi har suka fito. Keke ma suka gama lafiya. Bayan la'asar, a wajen gudu, ɗan Karakkai ya wuce mu da ƙarfinsa. Ɗan Kucheri kuwa da ya ɓullo, tangaɗi yake yi, leɓɓansa sun bushe fari fat. Ban san Baba ya sayi kindirmo a kanti ya dama fura a gora ba. Kafin in ankara ya tattare riga, ya ratsa ta ƙarƙashin igiyar da ta tare 'yan kallo, ya miƙa masa. Yaron ya tsaya cak, ya kalli gorar, ya kalli Baba. Sai ya rusuna, ya karɓa da hannu biyu ya sha. Baba har ya taka masa 'yar rakiya.

Wani alƙalin gasa a kan babur ya zo ya ɗaga masa jan kati. Na bi mutumin da Turancina da guntun Larabcina, na ce ubansa ne, na ce ba mu sani ba, na ce ya ɗanɗana ya ji ko magani ne. Ya ce doka ce, ya ja babur ɗinsa ya yi gaba. Baba ya riƙo hannuna.

"Mi niy yi? Hura ta hwa, ba wani abu na ba. In ga ɗana zai hwaɗi in tsaya kallo?"

Ɗan Kucheri bai daina gudu ba, ya ƙarasa dab da magariba. Da sakamako ya fito, ga sunan ɗan Karakkai, nasa babu. Ɗan Karakkai ya cusa lambar yabonsa can ƙasan jaka, ko hoto bai ɗauka da ita ba.

A dawowa, sai da muka tsaya sauke su a Kucheri Baba ya dubi ɗan nasa.

"Ka san dokar tun kahin ka amsa?"

"Na sani, Baba."

"To mi yas sa ka amsa?"

"Kai kam miƙo mani."

Baba ya tsaya riƙe da ƙofar mota har direba ya yi masa magana. Sannan ya sunkuya ya ɗauki kwalin keken ya ɗora a kansa, ya hana kowa karɓa, ya shige gaba.

Na iso Gusau da haushi cike da ciki, na alƙalin da ba ya jin roƙo, da na abokan da suka yi gum. Abin da tafiyar nan ta koya mani shi ne, in za ku kai dattijo ƙasar da dokarta ba ta san kunya ba, ku daure ku gaya masa gaskiya tun daga gida. Nauyin bakin minti ɗaya suka guje wa. Yanzu malamin zai shiga aji ba shi da abin nunawa, Baba kuma zai riƙa ganinsa kullum a tsakar gida, ya san daga hannunsa abin ya fito.