Tuwon Gawayin Badaru

Badaru ɗan mahauta ne daga Wudil. Ya zo Umara da niyyar kwana goma sha huɗu, ga shi yau shekara ashirin da uku yana Jidda bai gama haɗa jaka ba. Iƙama, takardar zaman ƙasar nan, bai taɓa riƙe ta ba ko da ta aro ce. Duk ran da matarsa Fatu ta kira daga gida ta tambayi yaushe zai dawo, amsarsa ɗaya ce: "Bayan Hajjin bana, in Allah Ya so." 'Ya'yansa mata biyu ta waya aka aurar da su, ta waya kuma ya ji kukan jikokinsa.

Abin da ya iya a duniya wuta ce da nama. Tun yana shekara tara yake tsaye gaban tukubar mahaifinsa, mafici a hannun dama, kwanon ruwa a hagu. A Jidda ma bai sauya ba. Tsire yake yi, wanda mutanen garin suke kira sire, suna ci suna hawaye saboda yaji, gobe kuma su dawo. Yana gashinsa ne a filin bayan gidan Hajiya Rahama a unguwar Hindawiyya. Ita haifaffiyar Jidda ce, kakanta ne ya tako da ƙafa daga Haɗejiya ya bi ta Sudan, kuma tana da takardunta cif. Sana'ar da sunanta take, hayaƙin kuwa na idon Badaru ne. A gefen tukubar akwai wani ɗan ɗaki da ake ajiye gawayi. A nan yake kwana, tsakanin buhuna, da katifa da fanka mai tari kamar tsohon ɗan taba. Ga mutumin da ba shi da takarda, ɗakin nan shi ne gidansa, shi ne kuma ƙasarsa.

Matsala ta shigo ne cikin kwali. Thamer, ɗan Hajiya, magidanci ɗan shekara talatin da biyu mai karɓar odar masu saye ta waya, shi ya shigo da kwalin ran wata Litinin ya jingine shi a zaure. Murhun gashi ne na gas, mai ƙyalli kamar motar amarya.

"Ya Ammi Badaru," wato baffa, in ji Thamer, da Hausarsa da ke tafiya tana tuntuɓe da Larabci, "gawayi ya yi ghali, tsada marra. Kullum yana hawa. Gas, ka murɗa, halas. Babu toka, babu wahala."

"Babu ɗanɗano kuma," in ji Badaru. "Naman gas ai naman asibiti ne."

"Kuma ɗakin nan, za mu sa tukwanen gas da firiza."

Badaru ya dubi ɗakin, ya dubi Thamer. "To ni kuma a firizar za ka sa ni?"

Thamer ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, a hannun Badaru ya koyi cin yaji. Hajiya Rahama ce ta raba, daga kan kujerarta ta bakin ƙofar kicin inda take yanke duk hukuncin gidan.

"Malam Badaru, ban ce ka tafi ba, ban kuma ce yaron nan ƙarya yake ba. Ran Juma'a akwai odar gidan Abu Fawaz, tsinke ɗari biyu, bayan la'asar. Ga kuɗin gawayin mako, ba zan ƙara ko halala ba, balle riyal. In ka samo wanda zai ishe mu da wannan, kwali ya koma inda ya fito. In ba ka samo ba, mu buɗe shi."

Kwana biyu Badaru yana zagaya masu gawayin unguwa. Tun da aka hana sare itatuwan ƙasar, gawayin itace sai na ƙetare, kuma kowane buhu sai ka ce da fasfo ya shigo. Ran Laraba sai ga Zaharadden, wani Bazazzage mai ɗaukar kaya da ƙaramar motarsa daga rumbunan tashar jiragen ruwa, ya zo cin bashin tsire kamar yadda ya saba.

"Bakano, me ya same ka ka yi zuru kamar an ce gyaɗa ta faɗi a kasuwa?"

Badaru ya faɗa masa.

"Kai, talaka bawan Allah! Ai ga gawayi can a babban kantin hanyar Kurayyat ana neman kai da shi. Sanyi ya wuce, Larabawa sun daina fita sahara gashi, kaya ya yi musu kwantai. Ka ɗauki buhu biyu ka biya kuɗin ɗaya. Ko Bakano ba zai ce a rage masa ba."

"Bazazzage in ya ce maka ga araha, ka duba aljihunka."

"Shiga mota dai, bawana."

Rabon Badaru da fita daga Hindawiyya an fi shekara biyu. Mai iƙama titi yake gani, marar ita shingen bincike yake gani a kowace kwana. Ya sa farar jallabiyarsa ta Idi, ya zauna a gaban mota ya miƙe wuya kamar mai kamfani, bakinsa kuwa bai huta da Hasbunallahu ba har suka isa. Zaharadden yana tuƙi yana dariya.

"Alhaji, sassauta. Wanda ya gan ka haka ai ko bai yi niyyar tambaya ba sai ya tambaya."

Kantin sanyi ƙalau, an jibge buhunan takarda har sun fi mutum tsawo, da jan allo a sama. Wani buhu ya yage ta gefe. Badaru ya zura hannu ya zaro biyu, ya tsaya yana juya su. Bai taɓa ganin irinsu ba. Baƙi ne, amma kowanne kamar ɗan'uwansa, dunƙule-dunƙule kamar curin fura. Ya gwara su kusa da kunnensa yadda mahaifinsa ya koya masa. Gawayin kirki ƙara yake yi kamar ƙarfe. Wannan sai ya ce ɗuf.

"Wannan wace bishiya ce ta haifi 'ya'ya duk kai ɗaya?"

"Bishiyar inji," in ji Zaharadden. "Ka ɗauka mu tafi, araha ba ta son dogon bincike."

Akwai rubutu a bayan buhun, ƙanana kamar ƙwan kiyashi. Badaru yana karanta Alƙur'ani da wasali, amma Larabcin kanti marar wasali ba su saba ba, ga tabarau ya bari a gida. Zaharadden kuwa farashi kaɗai yake karantawa a duniya. Kuɗin Hajiya ya sayi buhu takwas. Badaru ya dawo gida da rai da lafiya, ya jera su a ɗakinsa, ya kwanta a tsakiyarsu kamar mai gadin baitulmali.

Ran Juma'a tun da hantsi ya gama yanka, ya shafe naman da ƙuli-ƙuli da yaji da man gyaɗa, ya soke tsinke ɗari biyu ya rufe. Sannan ya juya ga gawayi. A gidansu akwai ƙa'idar da ba a tsallakewa: kafin babban gashi, sai a zazzage gawayi a ƙasa a watsa masa ruwa sosai. Ƙura ta kwanta kada ta hau nama, tartsatsi ya ragu, wuta kuma ba ta cinye shi da gaggawa. Gawayin itace ba ruwansa, rana ta ɗan taɓa shi ya bushe. Haka kakansa ya yi, haka mahaifinsa, haka shi ma shekara arba'in da ɗoriya. Ya zazzage buhu shida a kan siminti, ya ga garinsa ya fi na kullum yawa, don haka ya ƙara masa bokiti na biyu. Ya wanke hannu ya tafi masallaci da zuciya fara.

Da ya dawo, sai ya tarar da Hajiya Rahama tsaye a tsakar filin, ita da ba ta tashi daga kujera sai da dalili. A gabanta ga wani baƙin tudu yana naso, ruwansa yana gangarawa magudana.

"Malam Badaru," ta ce, "tuwon nan na waye? Ba a gaya mini muna da baƙi ba."

Badaru ya durƙusa ya cusa hannu. Ya damƙo, abin ya bi ta tsakanin yatsunsa. Babu dunƙule ko ɗaya da ya rage da siffarsa. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi ihu ba. Gajiya ce ta sauko masa gaba ɗaya, ta shekara ashirin da uku.

Thamer ya fito, ya ɗauki buhun da babu komai ya juya bayansa ya karanta.

"Ya Ammi! Ga shi an rubuta, a nisanta shi da ruwa. Wannan garin gawayi ne aka kwaɓa da sitaci aka matse. Ka ba shi moya, ya koma asalinsa."

"Duk ɗan da aka ba ruwa ya narke ai ba ɗan halak ba ne," in ji Badaru, amma muryar ba ta da ƙarfin da zai kai maganar inda ya aike ta.

Idon Thamer ya tafi zaure, wajen kwali. Badaru ya ga tafiyar idon. Hajiya ma ta gani.

"Saura buhu nawa?" ta tambaya.

"Biyu, Hajiya. Buhu biyu ba ya gasa tsinke ɗari biyu. Ko a Wudil."

"A nan an ce yana ci awa uku," in ji Thamer, yana bin rubutun da yatsa. "A tara shi, a kunna, a bar shi sai ya yi fari. Bas. Kada a taɓa."

"Yalla, ku gwada," in ji Hajiya. "La'asar ba ta jiran kowa."

Suka tara, suka kunna. Badaru ya ɗauki mafici, Thamer ya ce ba a so. Suka tsaya suna kallo har dunƙulen suka yi furfura, aka baje su, aka jera tsinke. Wutar ta kwanta lumui, gefen dama daidai da gefen hagu. Shi kuwa duk iliminsa na sanin halin wuta ne: inda ta yi fushi ya lallashe ta da ruwa, inda ta yi lalaci ya tashe ta da mafici, ya san wane gawayi zai yi tsawa kafin ya yi. Wannan wutar ba ta da hali. Da kitse ya ɗiga harshenta ya ɗan tashi, hannunsa da kansa ya tafi kwanon ruwa.

"La, la, ya Ammi!" Thamer ya riƙe masa wuyan hannu. "Matsar da tsinken kawai. Ka gani? Halas."

Badaru ya ja da baya. Thamer ya ci gaba da juya tsinke, hannu ɗaya a kan nama, ɗaya a kan waya. Tsinke ɗari biyu suka gasu sarai, babu ƙonanne, babu ɗanye, wuta kuma da sauranta. Direban gidan Abu Fawaz ya zo ya ɗauka ana kiran la'asar.

"Wallah, Ummi, wannan ko ni zan iya," in ji Thamer da murnarsa, bai ma san inda maganar ta faɗa ba.

Hajiya ta sa aka kawo mata tsinke ɗaya da aka ware. Ta ci a hankali, da haƙoran da suka rage mata, Badaru yana tsaye yana kallon bakinta kamar mai jiran alƙali.

"Ƙamshin hayaƙi yana nan," ta ce. "Kwali ya koma. Thamer, tunda ka iya, wuta taka ce daga yau, kai za ka riƙa zuwa kantin ma." Ta juya. "Malam Badaru, yaron nan in ya yanka nama sai ka ce da gatari ya yi, yaji kuma bai san barkono daga kanumfari ba. Wuƙa da turmi naka ne. Ɗakinka ɗakinka ne. Amma kwanon ruwan nan ka ba ni shi, zan riƙa ba kyanwa."

"Na gode, Hajiya. Allah Ya ƙara girma."

Ya miƙa mata kwanon. Tsohon kwanon sha ne da ya zo da shi daga Wudil a cikin jakar kwana goma sha huɗu.

Da yamma ta yi sanyi Zaharadden ya leƙo cin bashinsa, ya tarar da Badaru zaune a kan bulo gaban baƙin tudun, ya naɗe hannun riga, yana ɗebowa yana curawa yana jerawa a kan kwanon rufi a sauran rana. Ya jera sahu uku, tudun kuwa kamar ba a taɓa shi ba.

"Bakano, fura ka koma sayarwa?"

"Ɗan mahauta ba ya zubar da gawayi. In ya bushe, ko shayi ya dafa."

"Buhu shida fa! Yaushe za ka gama?"

Badaru ya goge gumi da bayan hannu, ya bar baƙin zane a goshinsa. Ya sake damƙo wani.

"Ina nan ai," ya ce. "Zauna ka kama mini, ko ka matsa, kana tare mini rana."