Ɗan Gida Uku

Wata Juma'a a Jidda ƙanena ya kunna mana fim ɗin mutanen wani coci da suka rarraba marayu, kowane gida ya ɗauki nasa. Yana fassara wa Inna, tana gyaɗa kai, can ta katse shi.

"To, wa ya shayar da su?"

Muka yi ta dariya, shi ya fi kowa. Shi ma yana jariri aka kawo mana shi a unguwarmu ta Karantina, bayan rasuwar mahaifiyarsa. Inna da maƙwabtanta biyu suka shayar da shi, don ya zama muharraminsu, kada wata ta yafa mayafi saboda shi idan ya girma.

An rushe unguwar, an watse. Amma har yau gida uku yake shiga ya buɗe tukunya.