Gishirin da Ke Ƙarƙashin Ɗakinmu

Ranar wata Laraba ce a damanar da nake aji biyar na firamare, an kwana uku ana ruwa a Lafiya ba ƙaƙƙautawa. Baba ya dawo daga tafiya da hantsi, ya ci sakwara, ya miƙe zai ɗauko buta, sai muka ji ƙurum, ƙafarsa ta dama ta burma cikin daɓen ɗakin har gwiwa. Da ya zaro ta, wandonsa ya jiƙe sharkaf, ɓarɓashin ruɓaɓɓen katako ya manne masa a ƙauri, wani wari irin na tsohuwar rijiya ya taso ta ramin. Ƙannena suka fashe da dariya. Ni da Inna ba mu yi ba, domin mu biyu mun san abin da ke ƙasa.

Ɗakin namu kwantena ce. Baba direban tifa ne a wani kamfanin gina hanya, da aiki ya ƙare sai ya sayi tsohon ofishinsu na ƙarfe, mai tagogi biyu da daɓen katako, aka ɗauko shi a bayan mota aka dire kan ginshiƙan bulo shida a filinsa da ke bayan gari. Kafin nan shekara bakwai muka yi a ɗaki ɗaya cikin gidan yayansa, inda ko tari Inna ta yi sai an ji. Dangi suka sa mana suna 'yan gidan gwangwani. Baba kan yi murmushi ya ce, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni."

Tsakanin ƙasa da daɓen akwai sarari kamar tsayin gwiwar babba, nan ce fadata. Da rani nakan shige da ƙawayena mu yi wasan gida da gwangwanin tumatir, kaji na birgima a gefe, iska na ratsawa daga wannan ɓangare zuwa wancan. Inna kuwa gishiri take sarowa daga garin Awe tana aunawa a kasuwa. Cikin ɗaki ba wuri, ta fara tura buhunan ƙarƙashi, awakin unguwa kuma suka gano. Wata rana muka tarar sun huda buhu biyu sun lashe abin da suka iya. Ni ce, da ƙaramin bakina, na ce mu toshe wurin da ginin laka. Baba yana hanya, muka kwaɓa ƙasa muka zagaye ƙarƙashin kaf, muka bar 'yar ƙofa ta langa-langa wadda ni kaɗai ke iya shiga. Da ya dawo har yabawa ya yi, bai san da gishiri a ciki ba, kuma Inna ta ce kada in faɗa.

Da ruwa ya kankama, ni nake rarrafawa in jawo mata buhu kowace safiya, don haka ni na fara gani. Buhunan suna zufa, ƙasa ta yi taɓo, ɗigon ruwa na reto a jikin ƙarafan da ke riƙe da daɓen, tsatsa na ɓarewa in na taɓa. A cikin ɗaki takalman makarantarmu suka yi fumfuna, ashana ta daina kamawa. Na san wani abu yana lalacewa, amma ginin dabarata ce, ina alfahari da shi, sai na yi gum. Har yau in na tuna shirun nan ina jin kunya.

Bayan ƙafarsa ta burma, Baba ya fita cikin yayyafi ya cire langa-langar ya haska tocila. Ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago bai yi faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "In ƙarafan nan sun tafi, sai mu koma gidan Yaya." Inna ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da gefen zane. Garin neman gira muna shirin rasa ido.

Maƙwabciyarmu Mama Asabe, tsohuwa 'yar Eggon mai noman doya da gyaɗa, ita ta leƙo ta kan danga. Ta duba ramin, ta duba gininmu, ta tafa hannu. "Baban Hajara, wannan gida naka ba ya numfashi fa. Ka zo ka ga rumbu nawa. Dutse ne a ƙasa, iska yana wucewa. Wane ne ya taɓa toshe ma rumbu gindi?" Na buɗe baki a karo na farko na ce ni ce. Ta dube ni ta ce, "To ke ce za ki fasa."

Mako guda muka yi muna aiki. Na rushe ginin da taɓarya ina hawaye, muka kwashe gishirin da ya rage, muka kankare ƙasar da ta sha shi muka zubar nesa. Mai walda ya duba ya ce ƙarfe biyu ne suka mutu, sauran za su rayu. Baba ya kawo jar ƙasa muka tula a ƙarƙashi, tsakiya ta fi gefe tudu, muka shimfiɗa baƙar leda mai kauri, baki kan baki, muka danne da tsakuwa. Ya haƙa lambatu ya zagaye ɗakin don ruwan rufi ya bi gangare, ya shafe ƙarafan da baƙin mai, ya kewaye wurin da ragar waya saboda awaki. Gishirin Inna ya koma wata rumfa can gefe, kan katako. Tun daga lokacin, duk safiyar da aka kwana ana ruwa sai Baba ya kira ni: "Hajara, duba mana." In kwanta rub-da-ciki in leƙa. "Kina ganin haske ta wancan gefen?" In ce ina gani. Ya ce, "To, muna nan."

Shekara tara muka ƙara a ciki, ba mu koma gidan kowa ba. Yanzu ina zaune a gidan siminti mai tayil, amma duk damana danshi na hawa bango, fenti na kumbura, kuma ba wani ƙarƙashi da zan leƙa in ga inda ciwon yake. Baba ya rasu, kwantenar na nan a bayan gidan da ya gina daga baya, Inna na ajiye tarkace a ciki. Bara na kai mata ziyara bayan wani ruwan safe, na tsinci kaina durƙushe a gefen ragar, da girmana da mayafina. Hasken na nan ta wancan gefen. Mai tambayar ne babu.