Ranar da Aka Buɗe Cikin Injin Ban Ruwana

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa na koma noman rani a Watari, injin ban ruwana ya tsaya mini ana tsakiyar furen tumatir. Da hantsi ne. Ya yi wani ƙwas-ƙwas kamar ana dukan ƙarfe da guduma, sai ya yi shiru.

Maƙwabcin gonata ya kira mini wani dattijon bakanike daga Dawakin Tofa. Bakaniken ya shimfiɗa buhu a gindin mangwaro, ya warware injin, yana jera kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na tsuguna kusa da shi, don ban taɓa ganin cikin inji ba.

Da ya zaro wani ƙarfe mai gwiwa, nan da nan na ce, "Ai ga matsalar nan, ya lanƙwashe!"

Ya yi dariya har da share hawaye. "Malam, haka aka ƙera shi. Karanshaf ke nan. Da a miƙe yake, da ko ɗigon ruwa ba ka samu ba."

Na ce ya fahimtar da ni. Ya ɗauko wani ƙarfe mai kama da gwangwani da ya ce fistan ne, da wani ƙarfe mai zobe a kowane baki yana reto a jikinsa.

"Wannan kwanrod. Hannun fistan ne. Wuta ta turo fistan, shi kuma ya tura gwiwar nan, sai ta juya." Ya haɗa su a hannunsa yana murzawa. Na ga yadda sama-da-ƙasa ke komawa juyi, na ce ya sake. Sau uku ya sake mini.

"To me ya lalace?"

Ya miƙo mini wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa kamar ɓawon albasa, duk ya ƙone. "Metal. Shi ke tsakanin kwanrod da karanshaf don kada su ci juna. Yaushe rabonka da juye baƙin mai?"

Na sunkuyar da kai. Tun da na sayi injin ban juye ba.

 Ya tafi da karanshaf ɗin Kano aka goge shi, maƙwabcina ya ara mini injinsa na kwana huɗu. Ranar haɗawa bakaniken ya sa ni na zaunar da sabon metal ɗin a mazauninsa da yatsuna, yana cewa, "A hankali, Malam." Ja biyu aka yi wa igiyar injin ya tashi, ruwa ya bi kwalbati ya shiga fangalin tumatir na farko.