Akwatin Da Ya Ƙwace Mini Fanka

Ni dai har gobe ba na ga-maciji da talabijin, kuma ina da hujja.

Shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ruwan kuɗi, har irinmu masinjoji masu aji huɗu muka jiƙe. Ba a daɗe da ja mana wuta a Wudil ba. Na shiga Kano na sayo fanka mai tsayuwa, shuɗiya, mai waiwaye hagu da dama kamar mai sallame salla. Yayana, dillalin shanu ne a kara, ya ga ba zai yiwu ƙane ya riga shi abin lantarki ba, sai ya sayo talabijin ya girke a soro.

Bazara ta shigo. Akwatin nan in ya yi rabin sa'a sai bayansa ya ɗau zafi, ka gasa gurasa a kai. Mutanen ciki su karkace, su yi tsawo, su ɓace. Aka kira mai gyara, wani siriri mai biro uku a aljihu. Ya shafa bayan akwatin ya ce, "Alhaji, iska yake so. Ka ga ramukan nan? Ta nan yake numfashi. In babu iska, kayan cikinsa za su dahu."

Yaya ya dube ni. "Kai, ɗauko fankar nan taka."

"Yaya, ni ma fa ina numfashi."

"Nawa aka saye ka?"

Aka yi dariya, aka ɗauko. Kullum da yamma mu cika soro, har da baƙi daga Darki, gumi na bin wuyanmu, fankata kuwa an tsayar mata da wuya tana yi wa ƙeyar akwati fifita. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ni ba. Kuma wa ya isa ya ce wa yayansa ba ni abina a gaban jama'a?

Sai na yi amfani da ilimina. Ranar Juma'a na sayo lallausan bargo mai kauri a kasuwa, na sa aka yi masa geza. Na ce, "Yaya, abu mai daraja haka a bar shi tsirara? Har ƙadangare na leƙa shi ta baya." Ya ji daɗi, ya sa mini albarka, ya lulluɓe shi da hannunsa, fuska kawai a waje. Lissafina shi ne, in akwati ya mutu, fanka ta koma ɗakin mijinta.

Kwana biyu akwatin ya yi. Rana ta uku ana tsakiyar labarai muka ji ƙauri, ya yi tari, ya yi shiru. Na fi kowa salati.

Mai biro uku ya dawo. Ya ɗaga bargon da yatsa biyu ya ce, "Wane maƙiyin ne ya kawo wannan?" Na ce kyauta ce, kuma ba a raina kyauta. Ya tafi da akwatin, ya ce a haɗa masa da fankar don gwaji.

Bayan mako ya kawo shi garau. Ashe ya yanke kan fankata, ya huda bayan akwatin, ya ɗaure shi a ciki da ƙusa huɗu.

"Yanzu ko an rufe shi ba zai dahu ba, Alhaji."

Ni aka miƙo wa sandar da gindinta. Yaya ya ce in haɗa da bargon, tunda ni ne mai son rufa. A jikin sandar na rataye hulata shekara da shekaru.